Me Ya Sa Shafin Da Ya Buɗe A Wayarka Ya Ƙi Buɗewa A Tawa?

A Katsina, duk lokacin da shafin intanet ya ƙi aiki, sabis ne ke shan zagi. Ɗalibi zai zauna cike fom ɗin rajistar makaranta, ya danna maɓallin turawa har yatsa ya gaji, abu ya ƙi motsi, sai ya ɗaga waya sama yana laluben sabis. Mai kafe ya ce masa ya bari sai dare, idan jama'a sun ragu a kan layi. Dare ya yi, jiya i yau. Sau da yawa kuwa sabis ɗin lafiyarsa ƙalau. Shafin ne aka gina da wani abu da burauzar wayar yaron, wato manhajar da ke buɗe shafukan intanet, ba ta san shi ba. Wanda ya gina shafin kuma labari ba zai kai masa ba, tunda babu mai ɗaukar laifin sabis ya kai ƙara wurin mai rubuta manhaja.

Shi ya sa nake ganin gwada shafi a kan burauzoji daban-daban, tsofaffin sigoginsu da sababbi, ya fi zama dole a kanmu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro kayan gwajin. Inda sabis ba ya yankewa, da shafi ya lalace an san shi ne ya lalace, kafin la'asar ƙorafi ya cika akwatin saƙo. Mu nan aibin yana da maɓoya. Yana iya shekara yana korar mutane ba a farga ba.

Bari mu faro daga tushe. Abin da ke barin saba, wato kwamfutar da ke ajiye da shafin, ya zo wayarka rubutun umarni ne cikin harsuna uku, ba hoton shafi da aka riga aka zana ba. HTML shi ke faɗin abin da ke cikin shafin: nan kanun magana, nan sakin layi, nan gurbin rubuta suna. CSS shi ke faɗin kamanni: launi, faɗi, me zai zauna kusa da me. JavaScript kuma shi ke sa shafin motsi, ya duba ko lambar waya ta cika 11, ya lissafa kuɗi, ya aika fom. Burauza ce ke karanta umarnin, ta zana shafin a cikin wayarka. Wasiƙa ɗaya ce ke nan, amma masu karanta ta suna da yawa, kuma ba shekara ɗaya suka bar makaranta ba. Ga inda gizo ke saƙar. Idan mai karatun ya ci karo da kalmar da bai sani ba a HTML ko CSS, tsallake ta yake yi ya wuce. Shafin na iya fitowa a karkace, amma dai zai fito. Idan kuwa a JavaScript ya haɗu da ginin jimlar da bai taɓa gani ba, ninke takardar yake yi ya ajiye. Fayil guda ya mutu saboda alama ɗaya. In shafin irin na zamani ne wanda JavaScript ke zana komai a cikinsa, kamar waɗanda ake ginawa da React, abin da mutum zai gani allo ne fari fat.

Misali ɗaya ya isa. A shekarar 2020 aka ƙara wata 'yar gajerar hanya a JavaScript, alamar tambaya da ɗigo a manne, wadda ke rage wa mai rubutu wahalar duba ko abu yana nan kafin ya taɓa shi. Chrome ya fara gane ta daga siga ta 80, Firefox daga 74, Safari daga 13.1. Masu rubuta manhaja suka rungume ta saboda sauƙinta. Amma duk wayar da Chrome ɗinta ya tsaya a 79, harafi biyun nan sun isa su rufe mata ƙofar shafin baki ɗaya, kuma babu wani saƙo da zai fito ya gaya wa mai wayar dalili.

Sunayen burauza suna ruɗin mutane. Suna da yawa, amma injinan da ke cikinsu, masu zana shafin, uku ne suka rage a fage. Akwai Blink na Google, wanda ke cikin Chrome da Edge da Opera da Brave da Samsung Internet. Akwai WebKit na Apple, injin Safari. Sai Gecko na Mozilla, injin Firefox. Blink ɗin ma daga jikin WebKit aka tsage shi a 2013, shekarar da Opera ya jingine nasa injin mai suna Presto ya koma kan Blink. Microsoft ya bi sahu, a Janairun 2020 ya fito da Edge sabo a kan injin Google. Saboda haka wanda ya buɗe shafinsa a Chrome da Edge da Opera da Brave a kan laftof ɗinsa, ya ce ya gwada a burauza huɗu, gwaji ɗaya ya yi sau huɗu. A ɗaya gefen kuma, Chrome ɗin da ke kan iPhone sunan kawai ne na Google. Abin da ke zana shafin WebKit ne, domin dokar Apple ta wajabta haka. Sai a 2024 aka fara sassauta dokar, a ƙasashen Tarayyar Turai, Najeriya ba ta ciki. Idan shafinka ya karye a Safari na iPhone, ce wa mutum ya gwada da Chrome ɓata masa data ne.

Sai batun siga, wanda shi ne ya fi damun mu. Firefox a 2020, Chrome kuma a 2021, suka koma fitar da sabuwar siga duk mako huɗu. A kan haka aka gina wani zato da ya mamaye duniyar masu gina shafuka: burauza tana sabunta kanta, kowa yana kan ta yau ko ta watan jiya. Zaton ya dace da gidan da ke da wayifayi dare da rana. Wanda ke sayen data ta ɗari biyu ko ɗari biyar bai yarda Play Store ya cinye masa ita da sabuntawa ba, ya kashe abin tun ranar da ya sayi wayar, ko ya bar shi a kan sai an sami wayifayi, wayifayin da ba zai zo ba. Wata wayar ma ta so ta sabunta, ma'ajiyarta ta cika da bidiyon biki da karatun malamai, babu wuri.

Wannan duk mai sauƙi ne, ana iya gyara shi. Akwai bangon da ba ya tsallakuwa. Chrome 109, na Janairun 2023, shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7 da 8.1. Kwamfutar kafe ko ta ofis da ke kan Windows 7 a nan ta tsaya, ko ka danna sabuntawa sau ɗari. Firefox 115 shi ne iyakar irin waɗannan kwamfutoci. Wayar da ke kan Android 7 ta tsaya a Chrome 119. A ɓangaren Apple abin ya fi tsanani, domin Safari a manne yake da tsarin wayar, ba a sabunta shi shi kaɗai. iPhone 6 ta tsaya a iOS 12, 6s da 7 sun tsaya a iOS 15, 8 da X sun tsaya a iOS 16. Su ne kuma wayoyin da ke zuwa mana a matsayin gwanjo, samari da 'yammata suna riƙe da su da alfahari. Akwai wata dabarar binciken rubutu a JavaScript, wadda ke waiwayar abin da ya gabaci kalma, da Chrome ya iya tun 2017, amma Safari bai iya ta ba sai siga ta 16.4 a Maris ɗin 2023. iPhone 7 ba za ta taɓa ganin wannan siga ba. Hotunan WebP, waɗanda ake so saboda rashin nauyinsu, sai iOS 14 Safari ya fara nuna su, don haka a iPhone 6 gurbin hoton wayam zai fito. Mai sayar da atamfa da leshi ta intanet ya san abin da hakan ke nufi.

Opera Mini kuwa shari'arsa daban ce, kuma duk wanda ke gina shafi don mutanen Arewa bai san ta ba, bai fara ba. Idan aka sa shi a matakin tsimin data mafi tsanani, wayar ba ita ke karanta shafin ba. Sabar kamfanin Opera ce ke ɗauko shafin, ta gudanar da JavaScript ɗinsa na 'yan daƙiƙu, ta matse sakamakon ta turo wa wayar. Abin da ya iso kusan hoton shafi ne mai maɓallai. Duk dannawa sai ta koma saba ta dawo. Agogon da ke ƙirga lokacin jarrabawa, jerin ƙananan hukumomi da ke canjawa idan ka zaɓi jiha, taswira, duk suna iya tsayawa cak. Salon haruffan da magini ya ɗora wa shafinsa ma ba ya sauka, shi ya sa alamomin da aka yi da irin waɗannan haruffa, kamar kwandon saye ko layuka ukun nan na jerin zaɓi, suke ɓacewa. Mutum yana kallon shafi babu ta inda zai shiga.

Akwai kuma burauzar da mai ita bai ma san yana amfani da ita ba. Ka danna mahaɗi a Facebook ko Instagram, shafin ya buɗe a cikin manhajar kanta. A Android irin wannan yawanci na dogara ne da wani ɓangare mai suna WebView, wanda tun Android 5 ta Play Store ake sabunta shi, kuma sigarsa na iya bambanta da ta Chrome ɗin da ke wayar. A nan ne sauke rasit, ɗora hoton fasfo da komawa shafi bayan biyan kuɗi suka fi samun tangarɗa. Ga kuma burauzojin da ke zuwa cikin waya tun daga kwali, irin Phoenix a wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda jama'a da yawa su suka sani a matsayin intanet. Mai sana'ar da ke tallata hajarsa a Facebook, mafi yawan masu shiga shafinsa ta ƙofar Facebook za su shigo, amma da wuya ka ga magini ya gwada ta nan.

Wani lokacin shafin bai ma kai ga buɗewa ba, sai jan gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne. Shafuka masu yawan gaske suna karɓar takardar shaidar tsaro kyauta daga Let's Encrypt. Wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba ba su zo da tushen wannan shaida ba. An yi ta lallaɓa su ta hanyar wata tsohuwar shaida har zuwa 30 ga Satumban 2024, daga nan dabarar ta ƙare. Firefox na Android yana tafe da nasa jerin shaidun, shi ya sa yakan buɗe abin da sauran suka ƙi. Irin wannan gargaɗi yana kuma fitowa idan agogon na'ura ya ɓata. Tsohuwar kwamfutar da ɗan batirin cikinta ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwanan watanta ya koma baya da shekaru, sai ta ga kowace shaida kamar ba ta fara aiki ba. Wannan ba laifin magini ba ne, amma ya kamata ya san shi don kada ya kwana yana tonon kod, wato rubutun umarnin shafin.

Yanzu ga abin da babu wani kayan gwaji na waje da zai tuna maka: haruffanmu. Salon haruffa da yawa masu kyan gani babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu. Idan burauza ta nemi harafin ta rasa, sai ta ara daga abin da ke cikin na'urar, kowace na'ura kuma da abin da ta mallaka. A wata wayar ƙ ɗin zai fito ya ɗan fi 'yan'uwansa tsawo ko kauri, a wata ya fito ɗan akwati. Alamar naira ma haka take yi a tsofaffin na'urori. Idan kuma ba a bayyana cewa shafin da rumbun bayanansa a tsarin adana haruffa na UTF-8 suke ba, Ƙofar Ƙaura sai ta koma tarkacen alamomi. Abin da ya fi waɗannan cutarwa shi ne alamar ɗauri da ke cikin sunaye irin Sa'adatu, Isma'ila, Rabi'u, ko garin Mai'aduwa. Tun iOS 11 madannin iPhone yakan rubuta alamar a lanƙwashe, yayin da yawancin madannan Android da na kwamfuta ke rubuta ta a miƙe. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta haruffa biyu ne daban. Yarinya ta yi rajista da wayar yayanta, ta zo neman sunanta a kwamfutar kafe, a ce babu ita. Kwanan wata ma haka: gurbin da burauza ke bayarwa yana bin yaren da aka saita na'urar, idan Turancin Amurka ne wata ke gaba da rana. Mai 03/04 a ransa uku ga Afrilu yake nufi, na'ura ta ɗauka huɗu ga Maris. Duk wanda ya taɓa zaryar gyaran ranar haihuwa tsakanin NIN da BVN ya san tsadar wannan kuskure.

Tarihi ya nuna inda sakaci da wannan al'amari ke kaiwa. Farkon shekarun 2000 Internet Explorer ya riƙe fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet. Siga ta 6 ta fito a 2001, ta 7 ba ta zo ba sai 2006. Bankuna da ma'aikatu a duniya suka gina manhajojinsu a kan halayensa shi kaɗai, suka rubuta a ƙasan shafi cewa da shi ya fi kyan gani. Da Microsoft ya yi masa ritaya a 15 ga Yunin 2022, sai da ya bar wata kafa a cikin Edge mai kwaikwayonsa, domin akwai ofisoshin da aikinsu zai tsaya. Yau Chrome ne a wannan kujera, kuma “ka yi amfani da Chrome” ita ce tsohuwar maganar da sabuwar riga.

Wata tsohuwar ɗabi'a ita ce shafi ya tambayi burauza sunanta da lambarta, sannan ya yanke abin da zai ba ta. Da Opera ya kai siga ta 10 a 2009, shafuka da yawa lamba ɗaya suke karantawa, suka ɗauka siga ta 1 ce suka kore shi, har kamfanin ya koma gabatar da kansa a matsayin 9.80. Da Chrome da Firefox suka doshi 100 a 2022, sai da aka yi watanni ana gwaji don gudun maimaici. Hanyar da ta fi ita ce shafi ya tambayi burauza ko ta iya abu kaza. In ta iya a ba ta, in ba ta iya ba a bi da ita ta tsohuwar hanya.

To ta yaya ake gwajin, tunda babu mai iya tara duk wayoyin duniya?

Aikin farko fitar da jerin waɗanda za a gwada, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kayan aikin zamani suna zuwa da nasu jerin. Browserslist, wanda Babel da Autoprefixer ke dubawa kafin su sauya sabon kod zuwa wanda tsofaffin burauzoji ke ganewa, in ba ka taɓa shi ba yana ɗaukar burauzojin da suka haura rabin kashi ɗaya cikin 100 a duniya, da sigogi biyu na ƙarshe na kowace. Duniya ke nan, ba Daura ba. Ana iya gaya masa ya yi lissafi da alƙaluman Najeriya, wannan ya fi, duk da cewa Legas da Abuja za su rinjayi lissafin. Akwai kuma ma'aunin Baseline da aka fito da shi a 2023, wanda ke cewa fasaha ta yaɗu idan ta yi wata 30 tana aiki a Chrome da Edge da Firefox da Safari. Ma'auni ne mai amfani, sai dai Opera Mini da Samsung Internet da burauzar cikin Facebook ba sa cikin lissafinsa, wata 30 kuma a hannunmu waya ba ta ma fara tsufa ba. Shafin Can I Use ya fi ba da dalla-dalla, siga bayan siga, har da Opera Mini.

Jerin gaskiya daga mutanenka yake fitowa. In shafin ya riga ya fara aiki, a duba kundin saba, inda kowace buƙata ke barin sunan burauza da lambar sigarta. Na ce kundin saba da gangan. Google Analytics da ire-irensa da JavaScript suke ƙirga baƙi, don haka wanda shafin ya mutu a hannunsa, ko ya gaji da jira ya fita, sau da yawa ba ya shiga ƙidaya. Magini ya duba ya ga kusan kowa sabon Chrome gare shi, ya ce ai babu masu tsohuwar waya a cikin abokan cinikinsa, alhali shi ya kore su tun daga bakin ƙofa. In kuma shafin sabo ne, a je wurin masu cajin waya da masu gyara a kasuwa, a ga abin da ke jere a kan teburinsu. Sun fi kowane rahoto sanin wayar da ke aljihun mutanen Zango ko Batsari.

Daga nan sai a raba jerin hawa-hawa. Kamfanin Yahoo ya fito da irin wannan tsari tun 2006, gwamnatin Birtaniya ma tana wallafa jerin burauzojin da dole a gwada shafukanta a kansu. Ba a neman shafi ya fito iri ɗaya sak a ko'ina. Wannan buri ne mai cin kuɗi ba riba. Sabuwar waya ta sami ado da motsi. Tsohuwa ta sami shafi maras kwalliya, amma ta karanta, ta cike, ta biya, ta karɓi rasit. Wadda ta wuce a taimaka mata kuma a gaya mata gaskiya da Hausa da Turanci, cikin rubutun HTML tsura wanda ba ya jiran JavaScript: burauzarka ta tsufa, ga abin da za ka yi, ga lambar da za ka kira.

Kayan gwajin kansu kowanne da iyakarsa. Wanda aka fi ruɗuwa da shi shi ne ɗan maɓallin da ke cikin kayan magina na Chrome mai mayar da allo kamar na waya. Ka zaɓi iPhone, shafi ya tsuke, ka ga ya yi kyau. Girman allo ka gwada. Injin har yanzu Blink ne na laftof ɗinka, sabo fil. Don tsofaffin sigogi, Mozilla na ajiye duk Firefox ɗin da ya taɓa fitarwa, Google ya fito da Chrome for Testing a 2023 wanda ba ya sabunta kansa, Android Studio na da wayoyin kwaikwayo masu tsofaffin Android, Windows 7 kuma ana iya tayar da shi a cikin kwamfutar kwaikwayo. Safari ne mai wuyar sha'ani, sai da na'urar Apple. Kamfanoni irin BrowserStack da Sauce Labs suna ba da hayar wayoyi na gaske ta intanet, tsofaffi da sababbi, da dala ake biya, kuma wayoyin suna zaune ne a ɗakunan da sabis ba ya rawa.

Ana kuma iya sa na'ura ta yi gwajin da kanta. Selenium tun 2004 yake wannan aiki, Playwright na Microsoft ya zo a 2020 yana tuƙa injinan uku duka: ya buɗe shafi, ya cike fom, ya danna, ya duba sakamako, duk lokacin da aka taɓa kod. Ga babban aiki wannan ba abin wasa ba ne. Sai dai Playwright da sababbin injina yake tafe, kuma WebKit ɗinsa ba shi ne Safari na iPhone 7 ba. Yana kama abin da ka karya jiya, ba ya ganin wanda ka bari a baya shekara huɗu.

Ni dai a ganina, ga mai gina shafuka a Katsina, babu jarin da ya kai 'yar durowa mai wayoyi huɗu ko biyar na hannu: itel mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, tsohuwar Tecno da aka hana sabuntawa, Samsung ɗaya, iPhone 6s ko 7 ko da allonta ya tsage. A sa musu layi na gaske, a kashe wayifayi. A haɗa ta Android da laftof da kebul, Chrome zai nuna ainihin kuskuren da ke faruwa a cikinta, layi da lamba. Kuma a bi hanyar har ƙarshe, kada a tsaya a shafin farko ana yaba launi. A cike fom da suna mai ƙ da alamar ɗauri. A ɗora hoto daga kyamara, domin waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa takan kashe burauza idan kyamara ta buɗe, mutum ya dawo ya tarar duk abin da ya rubuta ya goge. A fita a duba lambar sirri da banki ya turo a dawo. A kashe data ana tsakiyar biya a ga abin da shafin zai ce. A ƙara girman rubutun wayar kamar yadda dattawa ke yi, a ga ko maɓallin turawa yana nan ko ya faɗa ƙarƙashin madanni. Bayan an saki shafin kuma a dasa masa ɗan kod mai kai rahoton kuskure zuwa saba, a rubuta shi da tsohon salon da kowace burauza ke ganewa, in ba haka ba shi ma tare za su mutu.

Gargaɗi ɗaya kan cike giɓi. Akwai ƙananan kod da ake ɗorawa su koya wa tsohuwar burauza abin da ba ta iya ba. Shekaru da yawa dubban shafuka suna jawo su kai tsaye daga wani adireshi mai suna polyfill.io. A 2024 adireshin ya sauya hannu, cikin watan Yuni aka gano yana cusa kod mai karkatar da masu waya zuwa wasu shafuka. Wanda zai yi amfani da irin wannan ya ajiye shi a sabarsa.

Saura tambayar da ba ta fasaha ba ce: wa ke yanke inda za a ja layi? Yawanci babu wanda ya yanke. Alhaji ya ba da aiki, yaro ya gina, ya kawo laftof ya nuna, aka biya. Bayan wata biyu Alhaji ya kira ya ce mutane na cewa ba ya buɗewa, amsar ita ce, “Wallahi Alhaji, ranka ya daɗe, a wurina yana yi.” Kuma gaskiya ya faɗa. Da an rubuta a takardar yarjejeniya cewa shafin zai yi aiki daga Chrome kaza, Safari kaza, da Opera Mini, kuma a wayar Alhaji da ta yaron shagonsa za a karɓi aikin, da gardamar ba ta taso ba. Magini ma ya sami hujjar neman kuɗin gwaji, domin aiki ne mai cin lokaci, ba kyauta ba.

Layin kuma ba wuri ɗaya yake ga kowa ba. Mai sayar da turare in ya rufe wa tsofaffin wayoyi ƙofa, cinikinsa ya rage, shi ya jiyo. Shafin rajistar makaranta, na neman aiki, na biyan haraji, na tallafin manoma, mai shigarsa ba shi da wani shagon da zai koma, kuma wanda ya fi buƙatar tallafin shi ne mai tsohuwar wayar. Irin waɗannan, a ra'ayina, bai halatta a karɓe su daga hannun ɗan kwangila ba sai an ga fom ɗinsu ya tafi daga Opera Mini da kwamfutar Windows 7.

Jerin kuma ba a rubuta shi sau ɗaya a rufe. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Chrome ya ƙara masa shekara uku sannan ya sake shi. A 14 ga Oktoban 2025 Windows 10 ya kai irin wannan gaɓa, kuma da yawa daga laftof ɗin gwanjo da ke hannun ɗalibai da masu kafe ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba.